WA YA CE TA TSUFA?

'Yan'uwana marubuta, na san abin da aka saba tararwa a shafukan wannan mujalla tamu shi ne gajerun labarai da waƙoƙi da sharhin littattafai, don haka ina neman afuwa da na zo maku da zancen na'ura. Dalilina shi ne, kusan duk wanda ke rubutu a yau, muddin yana son aikinsa ya kai ga maɗaba'a, to sai ya bi ta kan kwamfuta, ko tasa, ko ta aro, ko ta shagon buga takardu. Ita ce alƙalaminmu na wannan zamani, kuma ba aibu ba ne marubuci ya tsaya ya dubi alƙalaminsa. Tambayar da nake so mu tattauna ita ce: idan aka ce abu ya tsufa a jefar da shi, wa ke da hakkin yanke wannan hukunci, wanda ya ƙera shi ko wanda ke aiki da shi? Sannan shi wanda ya ƙi jefarwa, wadatar zuci ce ta hana shi ko kuwa mutuwar zuciya?

Bari in fara da abin da ya same ni. Ni malamin makarantar sakandare ne, ina zaune a Television, kudu da kogin Kaduna. Ina da wata baƙar kwamfutar tafi-da-gidanka ƙirar ThinkPad T420, irin waɗanda kamfanin Lenovo ya fitar a 2011. Ta hannu na saye ta, cikin kayan nan da muke kira na Beljiyam, har yanzu ma akwai tabon wata 'yar takarda da aka ɓamɓare a bayanta, alamar ta taɓa zama dukiyar wani ofis a ƙasar waje. A kanta nake shirya darasi, a kanta nake tattara makin ɗalibai, kuma a cikinta ne littafin da na daɗe ina fama da shi yake kwance. Sannu a hankali sai ta fara nauyi. In na kunna ta da safe, sai in yi wanka in dawo ba ta gama farkawa ba. Fankarta na huci kamar ta yi gudun fanfalaki, in kuwa aka kawo wuta na ɗan lokaci, rabin lokacin a jiranta yake ƙarewa.

Da abin ya ishe ni sai na kai ta wani shago. Mai shagon ya jujjuya ta, ya ce, “Oga, wannan ta gama yayi. Windows 11 ba za ta hau kanta ba, Windows 10 kuwa masu ita sun sallame ta. Ka ciko kuɗi ka ɗauki wata.” Da ya faɗi cikon, na auna shi da albashina, sai na rungumi kayata na fito. A hanyar komawa gida na biya wurin wani tsohon ɗalibina da ke da ɗan teburin gyaran waya da kwamfuta a kusa da tashar motar unguwarmu. Ya kunna ta, ya duba cikinta, ya yi murmushi ya ce, “Malam, lafiyarta ƙalau. Kayan da aka ɗora mata ne suka fi ƙarfinta. Ku ba ni izini in sauke mata, ku gwada na mako biyu, in bai yi maku ba sai in mayar maku da ita yadda take.” Ya kwashe mini rubuce-rubucena a gefe, ya canza mata faifan ajiya zuwa irin na zamani da ake kira SSD, ya zura wani ɗan filash, ya ɗora mata wata manhaja mai suna Linux Mint. Tun daga ranar, kafin in ja kujera in zauna ta shirya tana jirana.

Domin amfanin wanda bai saba da harkar ba, kowace kwamfuta tana da wata babbar manhaja da za mu iya kira uwar manhaja, wadda ita ce ke raba aiki tsakanin sassan na'urar, kamar yadda uwargida ke raba aikin gida. Windows ta kamfanin Microsoft ita ce muka fi sani, har wasunmu na zaton ita ce kwamfutar. Amma akwai wasu. A 1983 wani Ba'amurke mai suna Richard Stallman ya ƙaddamar da shirin GNU, da nufin samar da manhajar da kowa ke da 'yancin amfani da ita, ya gyara ta, ya kuma ba wani. A 1991 wani ɗalibin jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya rubuta ƙashin bayan abin da ake kira Linux. Daga nan jama'a a ƙasashe daban-daban suka yi ta haɗa nau'o'inta, ciki har da Ubuntu, wadda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya fito da ita a 2004. Wasu nau'o'in, irin su Lubuntu da antiX da Linux Mint mai fuskar Xfce, an tsara su ne su zama marasa nauyi. Windows 11, wadda ta fito a 2021, tana buƙatar aƙalla giga 4 na ma'ajiyar aiki da giga 64 na faifai, da wani ɗan sashen tsaro mai suna TPM 2.0, ga kuma sharaɗin cewa ƙwaƙwalwar na'urar ta kasance cikin jerin da kamfanin ya amince da su, wanda ya bar galibin kwamfutocin da aka ƙera kafin 2017 a waje. Linux Mint kuwa tana tashi da giga 2 na ma'ajiyar aiki da giga 20 na faifai, antiX ma ba ta kai haka ci ba. Jaki ɗaya ne, mangalar ce ta bambanta.

Akwai kuma dalilin da ya sa irin waɗannan kwamfutoci na ofis, wato su ThinkPad da Dell Latitude da HP EliteBook, suka fi dacewa da wannan dabara. An ƙera su ne domin ma'aikatan da ke yawo da su kullum, saboda haka jikinsu na da ƙwari. Waɗanda suka fito a zamanin tawa da noti aka ɗaure su, batirinsu ana zare shi da hannu, ana iya ƙara masu ma'ajiya, kuma masu ƙera su sun wallafa littafin da ke nuna yadda ake kwance su a gyara. Manyan kamfanoni kan sauya su bayan 'yan shekaru bisa tsarin lissafin kadarorinsu, ko da kuwa babu abin da ya same su. Ta haka suke gangarowa kasuwar 'yan kwamfuta ta Ikeja, daga can su iso Kaduna da Kano.

To, a nan ne tunani ya kama ni. Ashe tsufa iri biyu ne. Akwai tsufan jiki, wanda kowa ke gani: allo ya fashe, batir ya mutu, maɓallai sun zube. Akwai kuma tsufan hukunci, inda abu ke nan garau amma aka zauna a wani wuri aka sa masa ranar ritaya. Ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba ba Windows 10, wato aiko da gyare-gyaren da ke toshe ƙofofin da ɓarayin intanet ke shigowa. Tun a ƙarshen 2023 wani kamfanin nazarin kasuwa mai suna Canalys ya ƙiyasta cewa wannan mataki na iya tura kwamfutoci kimanin miliyan 240 zuwa bola. A daren ranar babu wayar da ta tsinke a cikin ko ɗaya daga cikinsu. Sun kwana lafiya, sun tashi tsofaffi.

Adalci ya wajaba a nan. Kamfanin ya kula da Windows 10 har shekara 10, tun daga 2015, ya kuma buɗe wata ƙofa ta ƙarin wa'adi ga masu so. Hujjarsa ta tsaro ma ba ta banza ba ce, domin kuwa 'yan damfara kullum ƙara wayo suke yi, kuma babu ɗan kasuwar da za a tilasta wa ya yi ta hidimar hajar da ya sayar har abada. Sai dai tarihi ya koya mana mu riƙa sa ido. A 1924 manyan kamfanonin ƙwan lantarki, ciki har da Osram da Philips, sun haɗu a Janeba suka amince kada ƙwai ya wuce awa 1,000 yana ci, domin ciniki ya yi ta gudana. Ban ce abin da ya faru da kwamfuta shi ne wannan ba. Abin da nake nunawa shi ne, tsawon ran kaya abu ne da ake iya yankewa a kan teburi, kuma wanda ke kan teburin maslaharsa yake dubawa. Yana da hakkin ya ce ya daina hidima. Amma cewa abin ya daina amfani, wannan magana ce ta mai shi, domin shi ya san aikin da yake yi da shi. Ni aikina rubutu ne da lissafin maki da ɗan bincike a intanet, kuma haruffan da nake bugawa bana ba su fi na 2011 nauyi ba.

Mu mutanen Kaduna bai kamata wannan ya zama baƙon darasi gare mu ba. Duk wanda ya taɓa shiga Panteka ya ga yadda ake mayar da ƙarfen da aka yar ya zama murhu da tukunya da injin niƙa. Kamfanin Fijo ya fara haɗa motoci a Kakuri a 1975, kuma shekaru da yawa bayan an daina yayin 504, kanikawanmu sun ci gaba da riƙe ta a kan hanya. A gida ma haka muka taso: zanen uwa in ya kwana biyu ya koma majanyi, in ya ƙara tsufa ya zama tsumma. Ba a jefar da abu sai an tabbatar ya ba da duk abin da ke gare shi. Abin mamaki shi ne yadda muka yarda cewa wannan hikima ba ta shafi kwamfuta ba, kamar dai ita aljana ce da ba a taɓa ta sai da izinin masu ita.

Amma fa akwai mai ja, kuma jansa na da ƙarfi. Da na kawo wannan zance a ɗakin malamai, wani abokin aikina ya ce mini, “Malam, kai dai kana yi wa talauci kwalliya ne. Su ci tuwo su miƙo mana kwano mu suɗe, sannan ka zo kana koya mana dabarar suɗi?” Maganar ta soke ni, domin akwai gaskiya a cikinta. Ba mu manta da Koko ba, wani ɗan gari mai tashar jirgin ruwa a tsohuwar jihar Bendel, inda a 1988 aka gano an jibge fiye da tan 3,000 na shara mai guba da aka kwaso daga Italiya. Irin wannan ta'asa ce ta sa aka ƙulla yarjejeniyar Basel a 1989 da ta Bamako a 1991, domin hana mayar da ƙasashe matalauta juji. Duk da haka, wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta gudanar a tashoshin jiragen ruwan Legas a 2015 da 2016 ya nuna ana shigo da kimanin tan 60,000 na kayan lantarki na hannu a shekara, kuma aƙalla tan 15,000 daga ciki matattu ne tun kafin a sauke su. A duniya baki ɗaya kuwa, rahoton Majalisar ya ce an tara tan miliyan 62 na sharar lantarki a 2022, wanda bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba aka tabbatar an sarrafa shi ta hanyar da ta dace. Wani kaso na sauran yana ƙarewa ne a hannun yaranmu 'yan jari-bola, suna ƙona waya domin ciro tagulla, suna shaƙar hayaƙin.

Na kwana ina juya maganar abokina, ga kuma inda na tsaya. Bambancin wadatar zuci da mutuwar zuciya yana ga sanin buƙata. Mai mutuwar zuciya duk abin da aka miƙo masa karɓa yake yi, mai rai ne ko matacce, ba ya tambaya. Mai wadatar zuci kuwa ya auna aikinsa, ya san abin da zai ishe shi, ya zaɓa da idonsa a buɗe, kuma ba ya bari talla ta sa shi jin kunyar abin da ke biya masa buƙata. Matacciyar kwamfuta da aka cusa cikin kwantena shara ce, wajibi ne hukuma ta tare ta, mu ma mu ƙi ta. Lafiyayyar da za ta yi wasu shekaru tana aiki kuwa dukiya ce. Hasali ma, wanda ya tsawaita ranta ya rage sharar ne, domin mafi yawan ɓarnar da kwamfutar tafi-da-gidanka ke yi wa muhalli a wajen ƙera ta ake yi, tun daga haƙar ma'adinai irin su kobal na batir, wanda fiye da rabin na duniya daga ƙasar Kwango yake fitowa. Sannan a tambayi kai: tsakanin wanda ke jiran a faɗa masa ranar da zai jefar da kayansa, da wanda ya koyi kwance su ya ɗora masu abin da ya ga dama, wane ne ya fi kama da mai suɗin kwano? Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Gaskiya ne burinmu shi ne wata rana mu ƙera namu, amma ban ga ta inda mai ƙira zai fito ba in ba daga cikin masu gyara ba.

Akwai wani ɓangaren kuma da ya shafe mu kai tsaye mu marubuta, kuma zan fara da kaina. Shekara da shekaru ina rubutu da manhajar Word wadda ban biya ko kwabo ba, an dai fasa mini makullinta a shago an ɗora. Na tabbata ba ni kaɗai ba ne. Alhali kuwa babu taron da za mu yi ba mu koka da masu satar fasaha ba, waɗanda ke buga littattafanmu a ɓoye ko su watsa su a waya ba da izininmu ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Dokar hakkin mallaka ta Nijeriya, tun ta 1988 har zuwa sabuwar da aka sa wa hannu a 2023, ta sanya manhajar kwamfuta cikin rukunin ayyukan adabi, wato rukuni ɗaya da littafina da naka. A da ina fakewa da cewa ba ni da kuɗin saye kuma ba ni da wata hanya. Yanzu da na san akwai LibreOffice, wadda masu ita suka bayar kyauta da yardar ransu, tana kuma buɗe takardun Word ta adana su, wannan mafaka ta rushe. Ban san yadda zan tashi a taro in la'anci ɓarawon littafi ba, alhali da kayan sata na rubuta jawabin.

Kada kuma in yi maku zaƙin baki. Wannan hanya tana da nata ƙayoyin. CorelDraw da Photoshop, waɗanda masu ɗab'i da masu zanen bango suka dogara da su, ba a yi su domin Linux ba, don haka wanda abincinsa ke nan sai ya yi tunani. Wani lokaci takardar da ka tsara takan ɗan goce in an buɗe ta a wata kwamfutar, shi ya sa nake kai wa maɗaba'a aikina a matsayin PDF. Wata firintar sai an sha fama kafin ta amsa. Akwai kuma wahalar sabo, domin makon farko na yi ta laluben abubuwa kamar baƙo a kasuwa. Wanda aikinsa ya girmi tsohuwar na'ura, kamar mai tace fim, ya sayi sabuwa, babu wanda zai zarge shi. Abin da nake ƙi shi ne a sayi sabuwa saboda kunya.

Dalilin da ya sa abin ya dame ni har na ɗauki alƙalami shi ne ɗalibaina. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta, amma har yau ina da yara masu ƙwazo da ba su taɓa ɗora yatsa a kan maɓallan kwamfuta ba sai ana saura 'yan kwanaki jarrabawa. A lokaci guda kuma na san akwai ofisoshi da makarantu da gidajen masu hali da tsofaffin kwamfutoci ke jibge a sito suna shan ƙura, saboda wani ya ce sun gama yayi. Yaron da zai koyi buga haruffa da zaɓen amsa bai damu da shekarar da aka ƙera na'ura ba. Duk wadda aka kulle ko aka yar alhali tana da sauran amfani, wani yaro aka hana rabonsa.

Ina kuma jin tsoron wannan ɗabi'a ta saurin yanke hukuncin tsufa, domin ba ta tsayawa a kan kaya. A maƙwabtanmu akwai dattawan da suka yi ƙuruciyarsu a masaƙun Kakuri. Masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, wasu ma suka bi bayanta. Mutanen nan sun fito da hannuwansu lafiya da ƙwarewarsu cike da kai, amma aka wayi gari babu mai tambayar abin da suka iya. Al'ummar da ta saba auna abu da shekarunsa maimakon amfaninsa, wata rana da wannan mudun za ta auna mutanenta, mu marubuta ma ba za mu tsira ba.

Daga ƙarshe, ga 'yar shawarata. Wanda ke da irin wannan kwamfuta kada ya yi gaggawar rabuwa da ita. Ya fara adana rubuce-rubucensa a wuri biyu ko uku, domin wannan wajibi ne ko da wace manhaja yake aiki. Sannan ya nemi wanda ya iya ya sa masa Linux a filash, domin ana iya gwada ta daga filash ɗin ba tare da an goge komai ba. Ya tambaya a kunna masa tsarin maɓallan Hausa, domin ya riƙa samun ƙ da ɗ da ɓ ba tare da wahala ba. Ita kuma ƙungiyarmu, me zai hana ta roƙi ofisoshi da masu hali su ba ta waɗanda suka ajiye, a gyara su a raba wa matasan marubuta da ke rubuta littafi sukutum da babban yatsa a kan waya?

Wannan maƙala a kan waccan baƙar kwamfuta na rubuta ta, wadda aka ce mini ta gama yayi. Na san akwai waɗanda ke da ra'ayi irin na abokin aikina, ko ma wanda ya fi nasa zafi, kuma zan so in karanta hujjojinsu a fitowa ta gaba.